Kafin Ka Sa Hannu: Yadda Ake Tsara Asusun Zuba Jari Mai Zaman Kansa da Yadda Ake Shigarsa

Mai sayen hannun jari a kasuwar hannayen jari yana da ƙofar fita kullum. Idan kamfani ya ɓata masa rai yau, gobe sai ya sayar ya kama gabansa. Wanda ya shiga asusun zuba jari mai zaman kansa ba shi da wannan gata. Yakan ɗaure dukiyarsa ne har shekara 10, wani lokaci 12, a hannun wani manaja da zai sayi kamfanoni ko gine-gine ko ya ba da basussuka da ita, ba tare da ya nemi izininsa a kan kowace saya ba. Saboda haka duk ƙarfin da mai zuba jari yake da shi yana cikin takardun da aka rubuta kafin a fara. Tun ran gini ran zane. Wannan jagora ta shafi ɓangarorin biyu, mai son kafa asusu da mai son shiga, domin yarjejeniya ɗaya ce suke karantawa, kowa daga nasa gefen. Ba ta maye gurbin lauyan da ya san dokar ƙasar da za a yi aikin a cikinta, amma za ta sa ka san abin da za ka tambaye shi.

Mataki na 1: Ka gane su wa ke cikin ginin

Yawancin irin waɗannan asusai ana kafa su ne a matsayin tarayya mai iyakantaccen alhaki. Akwai babban abokin tarayya, daga ɓangaren manaja, wanda shi ke yanke shawara, shi ke sa hannu a madadin asusun, kuma a doka shi ke ɗauke da alhakin basussukan asusun ba iyaka. Akwai kuma masu zuba jari, waɗanda asararsu ba ta wuce kuɗin da suka yi alkawarin bayarwa. Na uku shi ne kamfanin gudanarwa, inda ma'aikata suke, wanda ke karɓar kuɗin gudanarwa duk shekara.

Kada maganar "alhaki ba iyaka" ta ruɗe ka. Kusan kullum babban abokin tarayyar wani ƙaramin kamfani ne da aka kafa musamman don wannan aiki, kuma ba shi da wata dukiyar a zo a gani. Idan abu ya lalace ka kai shi ƙara, za ka iya samun hukunci a takarda ka rasa abin kamawa. Shi ya sa tambayar farko ita ce: wane ne ke tsaye a bayan wannan kamfani, kuma ya ba da lamuni da sunansa ko bai bayar ba?

Shi kuma mai zuba jari, kariyarsa tana da sharaɗi: kada ya tsoma hannu cikin tafiyar da kasuwancin. Dokar Birtaniya ta 1907 kan irin wannan tarayya ta ce wanda ya shiga gudanarwa ya zama mai alhakin basussukan da aka ci a lokacin da yake ciki. A 2017 aka yi gyara, aka fitar da jerin abubuwan da mai zuba jari a asusu mai zaman kansa zai iya yi ba tare da ya rasa kariyarsa ba, kamar zama a kwamitin shawara ko kaɗa ƙuri'a kan tsige manaja. Dokar jihar Delaware a Amurka ma tana da irin wannan jeri mai faɗi.

Mataki na 2: Zaɓen ƙasar da za a yi wa asusun rajista

Masu kafa asusu sukan fara da tambayar ina ne ya fi arha. Tambayar da ta fi ita ce: su wa za su kawo kuɗin, kuma ina za a zuba su? Idan masu jarin Amurkawa ne, Delaware ce gidan da suka saba da shi. Idan kuɗin fansho da inshora na Turai ake nema, Luksamburg ce kan gaba, musamman tun da ta fito da tsarin tarayya na musamman a 2013, sannan a 2016 ta ƙara wani nau'in asusu da ba ya buƙatar amincewar hukuma kai tsaye muddin manajansa yana da lasisi. Tsibiran Kayman sun daɗe suna karɓar asusan da masu jarinsu suka fito daga ƙasashe daban-daban, sai dai tun 2020 doka ta wajabta wa asusai masu zaman kansu yin rajista da hukumar kuɗi ta tsibiran da kuma gabatar da rahoton odita duk shekara.

Akwai wani bambanci da ake yawan tsallakewa. Tarayyar da aka yi wa rajista a Delaware mutum ce mai zaman kanta a idon doka, tana iya mallakar dukiya da sunanta. Ta Ingila da ta Kayman da tarayya ta musamman ta Luksamburg ba haka suke ba, ta hannun babban abokin tarayya suke aiki. Wannan yana shafar yadda ake rubuta kwangila, da wanda ake kai ƙara, da yadda wasu ƙasashe ke lissafa haraji.

Manufar tsarin haraji a nan guda ce: kada asusun kansa ya zama wani sabon mataki na biyan haraji, kowane mai jari ya biya nasa a ƙasarsa kamar shi ya zuba kuɗin kai tsaye. Idan masu jarin sun bambanta sosai, ana kafa asusai biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, ko ƙaramin asusu mai tattara kuɗin wani rukuni ya zuba a babban. Kowane ƙarin kamfani yana zuwa da kuɗin lauya da na odita da na rajista, kuma masu jari ne ke biya. Ƙaramin asusu mai kamfanoni bakwai a ƙasashe huɗu abin zargi ne har sai an yi bayanin amfanin kowanne.

Mataki na 3: Wa aka yarda a tallata wa, kuma ta yaya

Abin da ya sa ake kiran asusun mai zaman kansa shi ne ba a tallata shi ga kowa da kowa. Dokokin kare jama'a sun sassauta masa ne bisa sharaɗin cewa masu shigarsa mutane ne da za su iya jure asara kuma su iya ɗaukar masu ba su shawara.

A Amurka, dokar kamfanonin zuba jari ta 1940 ta ba da ƙofofi biyu da aka fi bi don kauce wa rajista irin ta asusan jama'a. Ta farko ta taƙaita masu jari zuwa 100. Ta biyu ba ta da wannan iyaka, amma dole kowane mai jari ya zama babban mai dukiya, wato ga mutum ɗaya ya mallaki jarin da ya kai dala miliyan 5. Ban da wannan, akwai ƙa'idar sayar da hannun jarin kanta, wadda ke duba ko mai saye "amintaccen mai zuba jari" ne. Mutum yana zama amintaccen mai zuba jari idan dukiyarsa ta haura dala miliyan 1 ba a haɗa da gidan da yake zaune ba, ko kuɗin shigarsa ya haura dala 200,000 a shekara, ko 300,000 idan an haɗa da na abokin aure. Manajan da ya zaɓi kada ya yi talla a fili yana iya dogara da abin da mai jari ya bayyana game da kansa muddin ba shi da dalilin shakka. Wanda ya zaɓi yin talla a fili, abin da aka halatta tun 2013, dole ya ɗauki matakin tabbatar da dukiyar kowane mai shiga.

A Tarayyar Turai, dokar da aka zartar a 2011 ta fara aiki a 2013 ta fi mai da hankali kan manajan. Wanda dukiyar da yake juyawa ta haura yuro miliyan 100, ko miliyan 500 idan ba ya cin bashi kuma ba a cire kuɗi kafin shekara 5, dole ya nemi cikakken lasisi, ya kuma naɗa ma'aji mai zaman kansa da zai lura da dukiyar asusun. Ladan wannan wahala shi ne izinin tallata asusun ga ƙwararrun masu jari a duk ƙasashen tarayyar.

Kuskuren sababbin manajoji a nan yake faruwa, kuma yawanci ba da mugun nufi ba: hira da ɗan jarida ana tsakiyar tara kuɗi, ko sanarwa a LinkedIn cewa asusu na neman masu shiga. Wannan kaɗai yana iya rushe sassaucin da aka dogara da shi. Dokar da ake dubawa ita ce ta ƙasar da mai jarin yake zaune, ba ta inda aka yi wa asusun rajista kaɗai ba.

Mataki na 4: Karanta yarjejeniyar tarayya, ka fara da kuɗi

Za a ba ka takardu uku ko huɗu: kundin bayani mai kwatanta dabarun asusun da haɗarinsa, yarjejeniyar tarayya, takardar shiga, wani lokaci da yarjejeniyar gefe. Kundin bayani ya fi daɗin karatu, amma yarjejeniyar tarayya ce ke ɗaure mutane. Idan suka saɓa, ita ake bi.

Ba a biyan kuɗin duka ranar shiga. Alkawari kake yi, manaja kuma yana kiran kuɗin kaɗan-kaɗan idan ya sami abin saya, galibi da sanarwar kwana goma na aiki. Yawanci shekara 5 na farko su ne lokacin saye, sauran kuma lokacin raino da sayarwa. Ka duba hukuncin wanda aka kira bai biya ba, domin yana da tsanani fiye da yadda mutane ke zato: ana iya ƙwace wani babban kaso na abin da ya riga ya zuba, a hana shi ƙuri'a, ko a sayar da kasonsa da rahusa ga sauran. Wanda ba shi da tabbacin cewa zai iya fito da kuɗi cikin mako biyu a kowane lokaci cikin shekaru masu zuwa, to ya rage alkawarinsa tun yanzu.

Kuɗin gudanarwa da aka saba ji shi ne kashi 2 cikin 100 a shekara, manyan asusai kuma sukan karɓi ƙasa da haka. Abin dubawa shi ne a kan me ake lissafa shi. A ɗauki asusun dala miliyan 100. Kashi 2 a kan alkawarin jari na shekara 5 ya zama miliyan 10. Idan bayan nan aka koma lissafi a kan kuɗin da ke cikin kamfanonin da ba a sayar ba tukuna, kuɗin zai riƙa raguwa. Idan aka bar shi a kan alkawarin har shekara 10, ya zama miliyan 20, kashi ɗaya cikin biyar na jarin ya tafi kafin a yi maganar riba. Ka kuma tambaya: idan manajan ya karɓi wasu kuɗaɗe daga kamfanonin da asusun ya saya, da sunan shawara ko zama a hukumar daraktoci, ana cire su daga kuɗin gudanarwa? Masu jari masu ƙarfi sukan dage a cire su duka.

Sai rabon riba, inda ya kamata ka zauna da biro da takarda. Tsarin da aka saba yana da hawa huɗu. A ci gaba da misalin nan, a ce an sayar da komai an samu miliyan 180. Hawa na farko, a mayar wa masu jari miliyan 100 ɗinsu. Na biyu, a ba su ribar fifiko, wadda galibi kashi 8 ce a shekara. A ce a nan ta taru ta kai miliyan 30. Na uku, manaja yana kwasar duk abin da ya biyo baya har sai ya kamo, wato har ya zama yana da kashi 20 na ribar da aka raba zuwa lokacin, miliyan 7.5 ke nan. Na huɗu, ragowar miliyan 42.5 a raba 80 da 20, manaja ya sami 8.5. Jimillarsa miliyan 16, daidai kashi 20 na ribar miliyan 80. Da babu hawa na uku, da kashi 20 na miliyan 50 kawai zai samu, wato miliyan 10. Sakin layi guda a cikin yarjejeniya ya kawo bambancin miliyan 6.

Akwai kuma maganar lokaci. A tsarin da ake dangantawa da Turai, manaja ba ya taɓa kasonsa sai an mayar wa masu jari duk abin da suka zuba a asusun gaba ɗaya. A wanda ake dangantawa da Amurka, ana lissafi ne saya bayan saya. A ce kamfanoni biyu na farko sun kawo ribar miliyan 20, manaja ya ɗauki miliyan 4, daga baya sauran suka yi asarar miliyan 20. Asusun bai ci ribar komai ba, amma miliyan 4 sun fita. Maganin wannan shi ne sharaɗin mayar da rara, wato manaja ya dawo da abin da ya karɓa fiye da kasonsa. Sai dai sharaɗin ba ya da amfani idan kamfanin da ya yi alkawarin mayarwa ya riga ya rarraba kuɗin ga ma'aikatansa. Ka nemi a riƙa ajiye wani kaso a asusun amana, ko mutanen da ke cin kason su ba da lamuni da sunayensu, kuma a riƙa gwada lissafin lokaci-lokaci ba sai ranar rufe asusu ba. A ganina, ga sabon manajan da bai taɓa kammala asusu ba, tsarin Turai ne kaɗai ya kamata a yarda da shi.

Ka duba kuma nawa manajan ya zuba daga aljihunsa. An saba ganin kashi 1 zuwa 2 na jarin ko fiye. Wanda ya biya nasa da tsabar kuɗi ya bambanta da wanda ya ce a cire daga kuɗin gudanarwar da bai karɓa ba tukuna.

Mataki na 5: Ikon da ya rage a hannun masu jari

Abubuwa huɗu ne. Na farko, sharaɗin mutanen da asusun ya dogara da su: idan wane da wane suka bar aiki, ko suka rasu, ko suka daina ba asusun yawancin lokacinsu, saye ya tsaya kai tsaye har sai masu jari sun amince a ci gaba. Ka tabbata tsayawar ta atomatik ce, ba sai an tara ƙuri'a ba. Na biyu, tsige manaja saboda laifi. A nan ka karanta ma'anar laifin da kyau, domin idan aka ce sai kotu ta yanke hukuncin ƙarshe wanda babu ɗaukaka ƙara a bayansa, asusun zai iya ƙarewa kafin shari'ar ta ƙare. Na uku, tsigewa ba tare da laifi ba, wadda kan buƙaci rinjaye mai yawa, misali kashi 75 na jarin. Na huɗu, kwamitin shawara, wanda ke duba wuraren da son ran manaja ya ci karo da na asusun, kamar sayar da kamfani daga tsohon asusunsa zuwa sabo.

Ƙungiyar manyan masu zuba jari ta ILPA ta fitar da ƙa'idoji kan waɗannan batutuwa a 2009, ta sabunta su a 2011 da 2019. Ba doka ba ce, amma ma'auni ce mai kyau da za ka aza yarjejeniyar da aka ba ka a kai. Kada kuma ka jira hukuma ta yi maka wannan aikin. Hukumar SEC mai kula da kasuwar hannayen jari ta Amurka ta kafa sababbin dokoki a 2023 don tilasta wa manajoji ba da rahoton kuɗaɗe duk wata uku da bayyana gatan da suke ba wasu masu jari, amma wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke su a 2024. Abin da kake so, ka sa a rubuta maka shi.

Yarjejeniyar gefe ita ce inda babban mai jari ke samun ragin kuɗi, ko ƙarin rahoto, ko haƙƙin ƙin shiga wata saya da ta saɓa wa dokarsa ko aƙidarsa. Mai bin ƙa'idojin kuɗi na Musulunci a nan zai nemi a cire shi daga kamfanonin giya ko caca ko masu dogaro da riba, ya kuma sa malaman fannin su duba sharaɗin ribar fifiko da tarar jinkirin biya da bashin da asusun ke ci. Ko kai ƙarami ne, ka nemi haƙƙin ganin gatan da aka ba wasu da zaɓar irinsa, ko da za a taƙaita shi ga waɗanda jarinsu bai fi naka ba.

Mataki na 6: Binciken ƙwaƙwaf a kan manajan

Tarihin riba shi ne abin da kowane manaja ke fara nunawa. Ka raba abin da aka riga aka sayar aka raba kuɗinsa da abin da har yanzu ƙiyasi ne, domin manajan ne da kansa ke ƙiyasta darajar kamfanonin da bai sayar ba. Ka tambayi alƙaluman bayan cire duk kuɗaɗe. Ka tambaya ko an yi amfani da bashin banki wajen jinkirta kiran jari, domin hakan yana ƙawata alƙaluman ribar shekara ba tare da ya ƙara ko sisi a abin da zai shiga hannunka ba.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne wa ke riƙe da kuɗin. Kamfanin Abraaj na Dubai yana cikin manyan manajojin da ke zuba jari a ƙasashe masu tasowa lokacin da wasu masu jari a asusunsa na kiwon lafiya mai kimanin dala biliyan 1, ciki har da Gidauniyar Gates da reshen Bankin Duniya mai kula da 'yan kasuwa, suka fara tambayar ina kuɗin da aka kira amma ba a zuba ba. Kamfanin ya durƙushe a 2018, a 2019 kuma hukumar kula da harkokin kuɗi ta cibiyar kasuwancin Dubai ta ci tarar kamfanoninsa biyu kusan dala miliyan 315. Tambayoyin da suka tona asirin ba masu wuya ba ne: a nuna mana bayanan banki. Don haka ka bincika ko akwai mai kula da littattafai mai zaman kansa, ko odita sananne ne, ko asusun yana da nasa asusun banki daban da na kamfanin gudanarwa, mutum nawa ne ke sa hannu kafin kuɗi su fita, kuma kwana nawa manaja zai iya riƙe kuɗin da ya kira kafin ya zama dole ya mayar idan sayen bai yiwu ba.

Mataki na 7: Shiga, da kuma fita

Takardar shiga cike take da rantsuwa: cewa ka cika sharaɗin dukiya, cewa kuɗinka halal ne a doka, cewa ba ka cikin jerin takunkumi. Za a nemi shaidar ko kai wane ne da inda dukiyar ta fito, da takardun haraji na dokar FATCA ta Amurka ta 2010 da tsarin musayar bayanai na OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki. Ka cika su da gaskiya, domin ƙarya a nan tana sa ka biya asusun diyya. Wanda ya shiga bayan rufewar farko, wato bayan an karɓi rukunin farko na masu jari, yakan biya kasonsa na abin da aka riga aka kashe haɗe da ƙari ga waɗanda suka riga shi.

Ka duba inda za a warware rikici. Idan masu sasanci aka zaɓa maimakon kotu, yarjejeniyar New York ta 1958 tana sauƙaƙa aiwatar da hukuncinsu a ƙasashe fiye da 160, abin da hukuncin kotun wata ƙasa ba ya samu cikin sauƙi.

Fita kafin lokaci sai da yardar babban abokin tarayya, kuma ta hanyar sayar da kasonka ga wani, sau da yawa da rahusa. Akwai sharuɗɗa biyu na ƙarshe da mutane kan manta. Ɗaya shi ne ƙarin wa'adi: an saba ba da shekara ɗaya-ɗaya har sau biyu, to ka duba wa ke amincewa da shi, kuma ko kuɗin gudanarwa zai ci gaba a lokacin. Ɗayan shi ne haƙƙin asusun na sake karɓar kuɗin da ya riga ya raba maka idan wata ƙara ko diyya ta taso daga baya. Ka nemi a sa masa iyaka biyu, ta adadi da ta lokaci, misali kada ya wuce kashi 25 na abin da aka raba maka, kuma ya faɗi bayan shekara 2 ko 3 daga ranar rabon.